Ruwan Kakin da Na Zubar

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, kuma na san ta iso kunnuwanku ko da ba ku taɓa yi mini ita a fuska ba. Wai a shekarar da aka sami mulkin kai na gudu daga gidan babanku da goyo a baya, na tsallaka ƙasar Faransa, wato Dahome, wurin wani boka, na dawo da asirin da ya sa zanen gidanmu ya fi na kowa. Har wata 'yar dangi ta taɓa tambayata a gidan suna, a tsakiyar mutane, wai ko layar tana nan. Ban tanka mata ba, don da na buɗe baki da an tashi sunan nan ba daɗi. To, yanzu na tsufa, waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni, saboda haka ku natsu ku ji daga bakina. Tsallakawa kam na tsallaka, kuma ba da izinin kowa ba. Boka kuwa ko ƙofar gidansa ban sani ba.

Ni 'yar Sharabi ce, aka kawo ni aure Lolo, gidan marina. Kakanku, wanda nake kira Baba, yana da ramukan rini huɗu a bayan gari, shi da ɗansa, wato babanku, can suke wuni hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu. Rini dai ba mu kaɗai ke yi ba. Abin da ya fitar da gidanmu daban shi ne aikin Inna, uwar mijina. Tun tana budurwa wata Bayarabiya mai fataucin goro ta zauna gidansu, ta koya mata zanen sitaci. Ga yadda abin yake. A jiƙa rogo, a daka, a tace, a bar farin ya kwanta, a dama shi a wuta har ya yi kauri yana sheƙi. Sai a shimfiɗa farin alawayyo a kan tabarma, a ɗauki gashin kaza a tsoma, a zana ganye, ko kifi, ko tafin kaɗangare, duk abin da mai zane ta ce tana so. In ya bushe a kai wa maza su tsoma a rini. Inda sitaci ya rufe, baba, wato shunin rini, ba ya shiga. Daga baya a kankare, a wanke a gulbi, sai ka ga farin zane ya fito tas a kan shuɗi. Mata daga Kurgu, daga Kende, har daga tsallaken iyaka suna kawo yadinsu, kuma babu wani gida a yankin da ya iya wannan sai namu.

Inna mace ce mai daɗin zama, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, amma a kan itacen girki ba ta da sauƙi ko kaɗan. In ta ga wuta na ci ba tukunya a kai, ranar kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Ta koya mini zane da damina, hannuna ya faɗa da wuri, har takan ɗaga aikina ta nuna wa baƙi. Damun sitacin ma na yi shi ba sau ɗaya ba, da ruwan rijiya, ya yi kyau, ba wanda ya ce uffan. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, duk wannan da damina ne da kaka. Bazarata ta farko a gidan ban yi ta a Lolo ba, ina Sharabi wurin iyayena ina wankan jegon yayarku, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Saboda haka ban taɓa ganin yadda Inna ke aiki ba a lokacin da zafi ke gasa ƙasa.

Da kaka aka yi shagalin mulkin kai, aka sha kiɗa, mutane suka sami sha'awar sabon kaya, aiki ya yi mana yawa har muna mayar da wasu. Ana haka, da bazara ta kawo kai, aka aiko cewa Nana, ƙanwar babanku da ke aure a wani ƙauye gaba da Madekali, cikin ƙasar da a lokacin ake kira Dahome, ta sauka. Inna ta ɗaure kayanta za ta je ta zauna mata. A ranar tafiyarta ta ja ni madafa, ta buɗe wata tsohuwar tukunya. Baba yana da amya a kan itatuwan gonarsa, da bazara yake cire zuma, a matse, saƙar da ta rage Inna ta tara tana narkawa, tana sayar wa dukawa kakin suna goga wa zarensu.

"Kulu, ga saƙa nan da anka matse," in ji ta. "Ran da za ki dama sitaci, ki narka ta ki kwashe kakin, ruwan da ya rage ki dama da shi tun da zahi nai. Kar ki hura mini wuta biyu."

Na ce, "To, Inna."

Kwana uku bayan tafiyarta na ɗora tukunyar, saƙa ta narke, na kwashe kaki. Na leƙa ruwan da ya rage. Ja ne, duhu-duhu, kamar jiƙon tsamiya da ya kwana, ga matattun ƙudan zuma da ƙafafunsu suna yawo a kai. Ni kuwa uwata Bafulatana ce mai tallan nono, wadda in ƙuda ya gitta ta kan ƙwarya sai ta sake wanke ta, haka ta tashe mu. Na ce a raina, wannan ƙazantar zan shafa wa farin yadin mutane saboda rowar itace guda uku? Na ɗauki tukunyar na juye a bayan katanga. Na ɗebo ruwan rijiya mai sanyi, na sake hura wuta, na dama sitaci fari sol, irin wanda ko Inna ba ta taɓa yi ba. Har ina jin daɗin kaina, ina cewa in ta dawo sai ta yaba. Ban gaya wa kowa ba, ba don ɓoyewa ba, don a ganina ba wani abin faɗa ba ne.

Zane huɗu na zana a ranar, na matan Kurgu. Kafin azahar sun bushe. Da babanku ya zo ɗauka, yana naɗe na farko sai muka ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana karya ƙanzo. Sitacin ya tsattsage, wani ya ɓanɓare ya zube ƙasa. Muka ce wataƙila a rini ya gyaru. Ina! Shuni ya shiga ta kowace tsaga, kifayen da na zana suka fito ba kai ba wutsiya, ganye ya koma dabbare-dabbare. Yau na ga kuna sayen atamfa mai irin wannan tsagar da tsada kuna cewa ado ne. A lokacinmu ɓarna sunansa. Baba ya mayar da su rami suka zama baƙaƙe wuluk, masu su suka karɓa suna ƙunƙuni. Na sake damawa, na ƙara kauri, ya tsage. Na rage kauri, na shanya a inuwa, ya tsage. Sau uku a jere, zane goma sha ɗaya na mutane. Ga Inna kuma ba ranar dawowa, don an aiko cewa kurkunu ya fito mata a ƙafa, ko bayan gida sai an riƙe ta.

A nan ne Gwaggo Tumba ta sami abin yi. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan, kuma tun zuwana jininmu bai haɗu ba. Allah Ya jiƙanta, amma ba zan yi muku ƙarya in ce tana da daɗin baki ba. Ta zauna a tsakar gida tana kaɗi, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Wanga ba laihin sitaci na ba, hannu na. Akwai hannun da in ya taɓa abu sai albarka ta hita. Ku duba ku gani, tun da yarinyar ga ta dawo daga jego, akuya ta mutu, rami guda ya ƙi kamawa, ga ƙahwar uwar gida."

Na ce, "Gwaggo, kurkunun ma ni na aika shi Dahome?"

"Kun ji ko? Ga bakin kuma."

Da na yi shiru da ya fi mini, amma ni ba a haife ni da shiru ba. Cikin kwana kaɗan magana ta zaga unguwa. Na je rijiya, mata suka janye tulunansu kar gugana ya taɓa. Matar da nake taya tankaɗe kullum ta ce in bari, ta gode. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina na fara duban tafin hannuna ina tunani. Ranar nan da la'asar ina shara kusa da zaure na ji Baba yana magana da babanku. Baba ba mugu ba ne, amma marinar nan ita ce sunansa, kuma mutane sun fara aiko a mayar musu da yadinsu.

"Ran kasuwa, in an watse, ka kai ta Sharabi ta huta," in ji shi.

"Ɗiyar hwa, Baba?"

"Ta tahi da ita. In an yaye ta a maido muna abinmu."

"To, Baba."

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ma'anar a kai mace gida ta huta. Ba a dawowa daga wannan hutun. Aurena ke nan, da 'yata, kuma saura kwana biyar kasuwa ta ci. Amma wallahi ba maganar Baba ce ta ƙona ni ba kamar wannan "To, Baba" ɗin. Da ya shigo ɗaki na tare shi.

"Malam, iyakar abin da za ka ce ke nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Kulu."

Kun san babanku, mutum ne da kalma ke yi wa nauyi, in ya yi magana uku a wuni to ranar ya yi surutu. A ranar dai na tsani wannan halin nasa, na juya masa baya. Ina kwance ina tunani sai na tuna cewa duk lokacin da Inna ke tuƙa sitaci bakinta na motsi, tana gunguni ƙasa-ƙasa. Na ce ashe addu'a ce take yi, ta manta ba ta ba ni ba. In haka ne, babu mai fitar da ni sai ita. Na san in na nemi izini ba za a ba ni ba, kuma na san abin da ake ce wa matar da ta fita ba izini. Na auna duka biyun, na ga wanda za a kora bayan kwana biyar ba shi da sauran abin tsoro. Da aka idar da sallar asuba maza suka nufi marina, na goya yayarku, na ƙulle garin sitaci da tsummokin yadi a ɗankwali, na fice ta ƙofar baya.

Ban taɓa zuwa ƙauyen ba, sunansa kawai na sani da sunan mijin Nana. Ga shi a lokacin ana ta jita-jita cewa tunda kowace ƙasa ta sami kanta, za a rufe hanya, wanda ba shi da takarda a kama shi. Da wannan fargabar na yi tafiya, ina bin sawun jakunan fatake, rana na dukana, ƙasa na ƙona mini ƙafa ta cikin takalmi. Da na iso inda ake cewa iyaka, ban ga komai ba sai wata bukka da wani ɗan sanda mai gajeren wando yana firfita da hularsa. Ya yi mini magana da Dandanci, yaren mutanen wajen, na ce masa fofo, wato sannu, iyakar abin da na iya ke nan. Ya kwance ƙullina, ya lashi garin, ya yamutsa fuska, ya yi dariya. Sai ya miƙo mini butar ruwansa ya nuna yarinyar, ya nuna mini hanya da sandarsa. Duk tsoron da na ɗauko tun daga Lolo, iyakarsa ke nan. Na isa gidan su Nana bayan la'asar, leɓɓana sun bushe.

Na tarar da Inna zaune a kan tabarma, ƙafa a miƙe, an naɗe kan kurkunun a jikin tsinke. Tana ganina ta dafe ƙirji ta ce wa ya mutu. Na durƙusa na zayyana mata komai, ina yi ina kuka, na ƙare da roƙonta ta ba ni addu'ar da take karantawa a kan tukunya.

"Wace addu'a?"

"Wadda kike yi in kina tuƙi, Inna. Ina ganin bakinki na motsi."

Ta dube ni, ta dubi Nana, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙafar.

"Ɗiyata, da Tumba nike hwaɗa. Abin da ba ni iya ce mata a ido shi nike gaya ma tukunya."

Su suna dariya, ni kuwa gabana ya faɗi, don na yi tafiyar wuni guda a kan abin da babu shi. Inna ta ga fuskata ta daina. Ta ce in kwana, gobe in dama a gabanta ta ga inda nake kuskure. Washegari na dama tana kallo, ba ta ga aibu ba. Na shafa a tsumma, ya bushe, ya tsage. Ta ce a matso mata da murhu kusa, a ba ta muciya. Daga zaune ta dama da hannunta, da ruwan randar Nana, ta zana ganyenta da ta saba, muka shanya. Da ya bushe ta ɗauka ta lanƙwasa. Ƙas. Ya zube mata a cinya. Ba zan ɓoye muku ba, duk da halin da nake ciki, wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Hannun da ya shekara talatin yana wannan aiki, ga shi ya yi abin da nawa ya yi.

Inna ta juya tafinta tana kallo, ta tuna zancen jegon da Gwaggo ta yi mini, ta ce, "To, ni kuma wa na haihwa kwanan nan?"

Muka zauna muka bi aikin daki-daki. Rogon iri ɗaya ne, tacewa ɗaya, wuta ɗaya. Nana ce, tana ba jaririnta nono, ta ce ita dai abin da ta tuna tun tana yarinya, sitacin bazara ba fari ba ne, yana da ja-ja, kuma sukan lashi muciya a ɓoye don yana da zaƙi. Inna ta juyo a hankali.

"Kulu, ruwan kakin da na ce ki dama da shi?"

Na ce, "Na zubar, Inna. Na ga ƙazanta."

"Kin zubar. Sannan kin sake hura wuta?"

"Na sake."

"Sau nawa?"

"Duk damun da na yi."

Ku ji mace. Aurena na rawa, ita itacenta take yi wa makoki. Sai da ta gama yi mini tas a kan itace, sannan ta ce ita fa ba ta taɓa ɗaukar ruwan nan a bakin komai ba, zafinsa kawai take bi. Shekara da shekaru tana zuba maganin aikinta a tukunya ba ta san magani ba ne. Da damina ba ta da saƙa, kuma ba a bukata, don iska da laima, sitaci ba ya bushewa har ya karye. Da bazara, lokacin da yake bukata, lokacin ne kuma Baba ke cire zuma.

Muka gane zaƙin nan ragowar zuma ce a ruwan kakin. A ƙauyen ba mu sami saƙa ba, sai mijin Nana ya samo mana zuma a ɗan ƙoƙo daga wata rugar Fulani. A rana ta uku muka dama, muka raba ƙwarya uku. Ta farko muka ɗiga kaɗan, ta biyu rabin ludayi, ta uku ni da zumuɗina na kwarara mata. Muka shafa a tsummoki, muka kuma bar saura ya bushe a gindin ƙoren. Na farko ya tsage, sai dai ba kamar da ba. Na uku ya ƙi bushewa, yana danƙo yana kama yatsa, kafin la'asar kiyashi sun yi masa layi, da muka tsoma shi a ruwa kuwa ya narke ya bi ruwan. Na tsakiya na ɗauka. Na lanƙwasa, shiru. Na naɗe shi kamar tabarma, na warware, shiru. Na ɓanɓaro wanda ya bushe a gindin ƙwarya, ya fito ɗungurungum, siriri, ina hango hasken rana ta cikinsa, ina ja yana ɗan miƙewa yana dawowa. Na zauna daɓas a ƙasa na ce alhamdu lillahi, ban san sau nawa ba.

Shekarun baya jikata mai karatun kimiyya ta zo hutu da wata 'yar leda da suka yi da sitacin rogo a makarantarsu. Ta ce in sitaci ya bushe shi kaɗai, zarurrukansa kan kama juna ƙam, ya yi ƙarfi amma ba ya jure lanƙwasa. Sai an sa masa abin da zai shiga tsakaninsu ya riƙe ɗan ruwa, su sami wurin motsi. Su gilisirin suke sawa. In ya yi kaɗan ledar ta karye, in ya yi yawa ta yi laushi ta rasa ƙarfi, ta riƙa jan laima tana danƙo. Na bar ta ta gama bayaninta tsaf, sannan na tambaye ta ko su ma kiyashi na damunsu.

A rana ta huɗu na kamo hanya tun da sauran dare. Inna ta so ta biyo ni ko a kan jaki, ƙafa ta hana. Na iso Lolo da rana tsaka, gobe kasuwa. Na tarar an ɗaure kayana an ajiye a bakin ƙofar ɗakina, aikin Gwaggo. Babanku ba ya nan. Aka ce tun ranar da na fita ya ce wa Baba zai je ƙauyuka neman ganyen baba. Wato matarsa ta ɓace da 'yarsa, shi ya tafi sayayya. Ban daɗe da zuwa ba sai ga shi ya shigo hannu biyu, ya ce bai samu ba, Baba ya bi shi da faɗa. Ko kallonsa ban yi ba. Na wuce zaure na durƙusa a gaban Baba, abin da ban taɓa yi ba, don tsakanin suruki da matar ɗa akwai kunya. Na ce na fita ba izini, na yi laifi, a yafe mini. Na ce ɓarnar zane ma laifina ne, amma ba irin wanda ake faɗa ba, na gaya masa zancen ruwan kaki tun daga farko. Na roƙi a bar ni in gwada sau ɗaya.

Gwaggo daga bayan ƙofa ta ce, "Ta tahi ta amso abin da ta amso, yanzu za ta rufe mu da zancen ruwan ƙuda."

Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba ni ba da yadin mutane."

Na ce ina da nawa. Alawayyo ne da uwata ta ba ni ranar da za a kawo ni, ban taɓa taɓa shi ba. Na ɗebo sabuwar saƙa, na narka a tsakar gida inda kowa ke gani, na kwashe kaki, na tace ruwan da tsumma, don har gobe ban yarda da ƙafafun ƙudan nan ba. Na lasa, na ƙara ruwa har zaƙin ya zo daidai da na ƙwarya ta biyu. Na dama, na zana kifaye tun daga wannan baki har wancan, na shanya.

Da hantsi ranar kasuwa, matan Kurgu uku suka iso karɓar farin yadinsu da ya rage. Suna tsaye Baba ya fito, ya ɗauki zanena daga kan igiya. Bai yi masa da sauƙi ba. Ya ninka huɗu, ya danna da gwiwa, ya murɗe shi kamar mai matse wanki, ya kai kunne. Ba abin da ya yi ƙara, ba abin da ya zuba. Ya saɓa a kafaɗa ya nufi marina, muka bi shi a baya har da matan Kurgu, har da Gwaggo tana dogara sanda. Da hannunsa ya tsoma, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har sau uku. Aka kai gulbi aka kankare. Da babanku da wani marini suka kama bakin zanen suka ware shi a rana, kifayena suka fito farare tas, har ƙayar bayansu ana ƙirgawa. Babbar cikin matan Kurgu ta sauke ƙullin yadin da ta riga ta ɗora a kai, ta ajiye a gabana ta ce irin wannan take so.

Baba ya wanke hannu, ya dubi gulbi, ya ce, "Ashe tsabta ta kusa kashe muna gida." Sannan ya ce da babanku, "A kwance kayan nan, sun tare hanya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya ishe ni. Ban fita kyauta ba, kar ku zata. Labarin fitata ya kai Sharabi, mahaifina ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, in na je sai ya tashi ya bar zauren, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da duk abin da Gwaggo ta faɗa. Amma na zauna a ɗakina, na yaye 'yata da hannuna, na haifi sauranku a gidan.

Da la'asar ɗin ranar ina cikin ɗaki ina mayar da ƙorena wurinsu, babanku ya zo ya zauna a bakin ƙofa da ɗan kaskon man kaɗe, yana shafa wa ƙafarsa. Na ga duk ta faffashe, ta kumbura. Ban ce masa sannu ba, don har lokacin ina cike da shi. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar hular saƙa ya ajiye a kan tabarma. Hular yayarku ce. Ta faɗi tun a hanyar zuwa, wajen wani busasshen rafi kafin iyaka, na neme ta a gidan Nana na rasa.

Na ce, "Ina ka samo wannan?"

Bai ɗago ba, ya ci gaba da shafa mansa.

"Kwana ukun nan ina ka kwana, Malam?"

"Masallacin garin su Nana," in ji shi. "Hanyar ga da nisa, Kulu. Ke kuma ba ki waiwaye."

Na tsaya riƙe da ƙwarya ina kallonsa. Na ajiye ta, na karɓe kaskon daga hannunsa, na ce ya miƙo ƙafar.